Tambaya: ƙungiyar unguwa da bikin Oktoba a Kawagoe, yaya ya kamata mu yi?

Baƙuwar Kawagoe ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyaye da yayye da ƙanne da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka riga mu zama a ƙasar Japan. Ina da tambaya wadda ta tsaya mini a rai kwana biyun nan, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawonta, domin sai na kawo yadda abin ya faro kafin a gane inda ya ɗaure mini kai.

Ni 'yar Zariya ce. A watan Afrilun bana na tare da yarana biyu a birnin Kawagoe da ke lardin Saitama, inda maigidana ya kama mana hayar wani ɗan gida mai bene. Shi yana karatun digiri na uku a Tokyo, kullum yana bin jirgin ƙasa na layin Tobu Tojo zuwa tashar Ikebukuro, tafiyar kusan rabin awa, ba ya dawowa sai dare ya yi. Saboda haka ni ce nake wuni da unguwa, kuma ni ce ake tararwa a gida in an buga ƙofa. Unguwar shiru ce ƙwarai. Da safe maza da 'yan mata masu aiki sukan yi tururuwa zuwa tasha, yara su jeru su tafi makaranta a ƙafa ba tare da babba ya raka su ba, daga nan kuma ba ka jin komai sai ƙarar keken wata uwa mai kujerar yaro gaba da baya, ko kukan hankaki.

Tun makon farko na ga ana ajiye mana wani allo mai maƙale da takardu a bakin ƙofa. Tsohuwar da ke gidan da ke kallon namu ta nuna mini da hannu cewa in karanta, in sa alama kusa da sunanmu, in kai gida na gaba. Na yi ta yin haka ba tare da na fahimci abin da ke ciki ba. To shekaranjiya wasu dattawa biyu suka zo da ladabi mai yawa, suka ba ni takarda ta shiga ƙungiyar unguwa, wadda kuɗinta yen 300 ne a wata, da kuma wata farar ambulan daban ta gudummawar bikin garin da za a yi a watan Oktoba. Kafin su tafi suka ce ana gayyatar ɗana, mai shekara 7, ya shiga sahun yaran da za su ja igiyar amalanken biki na unguwarmu. Yaron yana tsaye yana ji, kuma ya fi ni jin Japananci yanzu, tun ranar bai bar ni na huta ba, domin duk abokansa na aji za su je.

Abin da nake son sani shi ne, shiga ƙungiyar nan dole ne? Kuɗin ina yake zuwa? Bikin kansa al'ada ce kawai ko bauta ce? In kuwa bai halatta mu sa hannu ba, da wane baki zan gaya wa mutanen da ba su taɓa nuna mini komai ba sai alheri? Tsohuwar nan ta kawo mini dankali sau biyu, kuma ita ce ta koya mini ranakun fitar da shara. Ba na son in saɓa wa Ubangijina, ba na kuma son in zama maƙwabciyar da ake kauce wa a hanya.

Tsohon zama a Saitama ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa ƙanwata, Allah ya sa kun shigo a sa'a, ya ba maigida nasara a karatunsa. Ni Bakano ne, na fi shekara goma sha biyar a wannan lardin ina sana'ar tura kayan gyaran mota gida, kuma na taɓa riƙe shugabancin rukunin gidajenmu har sau biyu, don haka zan yi magana a kan ƙungiyar, in bar zancen biki ga waɗanda suka fi ni saninsa.

Ƙungiyar ana kiranta chonaikai ko jichikai, allon nan kuwa kairanban. Ba hukuma ba ce, ba kuma reshen gwamnati ba ce, mazauna unguwa ne suke haɗa kansu, sai dai ofishin birni yana bi ta hannunsu wajen isar da sanarwa. A doka shiga ba dole ba ne. Kotun ƙolin Japan ta yanke hukunci a 2005, a wata shari'a da ta taso daga wannan lardin namu na Saitama, cewa ƙungiyar ta ganin dama ce, kuma mutum yana iya fita in ya so. Amma doka daban, zaman tare daban. Shawarata ita ce ki shiga, kuma ga dalili.

Duk abin da kika gani ya burge ki a unguwar nan, akwai hannun wani a bayansa. Wurin da kike ajiye shara da safe, wani ne yake shimfiɗa ragar da ke hana hankaki yaga ledoji, wani ne yake share wurin ya wanke shi bayan motar ta wuce, kuma aikin yana zagayawa gida gida, kowa da makonsa. Dattawan da kike gani da tuta a mararraba lokacin da yara ke tafiya makaranta ba albashi ake biyansu ba. A unguwanni da yawa ƙungiyar ce take kula da fitilun lungu, ita ce take da ɗakin ajiyar kayan agaji na ranar girgizar ƙasa, ita take shirya atisayen gudun hijira zuwa makarantar firamare, wanda akan yi a kusa da 1 ga Satumba, ranar tunawa da girgizar ƙasar 1923 da ta hallaka mutum fiye da dubu ɗari a yankin Tokyo da Yokohama. In sanyi ya shigo, a ƙarshen shekara, za ki ji mutane suna zagaya unguwa da dare suna buga wasu 'yan itatuwa biyu suna kira a yi hattara da wuta. Duk wannan aikin gayya ne, kamar yadda muka sani a gida, sai dai nasu a rubuce yake, da jadawali da ma'aji da rasit. Wanda ya ƙi shiga ba za a zage shi ba, ba za a yi masa tsawa ba, amma za a san yana shan inuwar bishiyar da bai zuba wa ruwa ba, kuma Japanawa suna riƙe irin wannan a zuci.

Shekarata ta farko na fitar da gwangwanaye a haɗe da sharar ƙonawa. Da na dawo da yamma na tarar da ledata ita kaɗai a wurin, an manna mata takarda. Washegari wani dattijo ya zo da jadawalin shara, ya zauna a bakin ƙofata ya zagaye mini ranakun da jan biro ɗaya bayan ɗaya, bai ɗaga murya ba, bai kuma tafi ba sai da ya tabbata na gane. Mutumin nan shi ne ya tsaya mini daga baya lokacin da nake neman wurin ajiye mota, kuma da ya rasu na je na yi wa iyalinsa ta'aziyya. Ta wurin shara na san shi. A nan mutuncin baƙo daga ledar shararsa yake farawa: ki raba ta yadda aka tsara, ki fitar kafin ƙarfe 8 na safe, kada ki fitar tun dare.

Game da kuɗi, ga abin da ya kamata ki yi. Ki nemi takardar lissafin bara. Kowace ƙungiya tana fitar da ita a taron shekara, wanda yawanci a watan Afrilu ake yi, kuma ba abin kunya ba ne a tambaya. A ciki za ki ga abin da aka kashe layi layi. In kika ga akwai kason da ake kai wa ɗakin bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, daga cikin kuɗin wata, kina da damar ki ce a cire miki shi. Akwai hukuncin kotun lardin Saga na 2002 da ya ce cusa kuɗin ɗakin bauta cikin kuɗin ƙungiya a karɓa tare ya taɓa 'yancin addini, kuma sashe na 20 na tsarin mulkin ƙasar ya ba kowa wannan 'yanci. Ban kawo wannan don ki je musu da doka ba, kada ma ki ambace ta. Na kawo ne don ki san ba ke ce ta fara wannan roƙo ba, akwai Kiristocin Japan da mabiya wasu ɗariƙun Buddha da suka daɗe suna yin sa, dattawan unguwa sun saba jin sa. Tunda kuwa ambulan ɗin bikin daban aka kawo miki, alama ce ƙungiyarku ta riga ta raba.

Abu ɗaya na ƙarshe. Ban ga kin ambaci gaisuwar tarewa ba. Al'adarsu ce wanda ya tare ya bi gidaje uku da ke kallonsa da biyu da ke gefensa da 'yar kyauta, tawul ko sabulun wanki, ya gabatar da kansa ya ce yoroshiku onegai shimasu, wato roƙon a zauna da juna lafiya. In ba ku yi ba, har yanzu lokaci bai ƙure ba, ku je tare da maigida ranar Lahadi.

Bakabe ɗalibi a Tokyo ya rubuta:

Yaya, barka da war haka. Na halarci bikin Kawagoe sau biyu, kuma na ɗan karanta tarihinsa, bari in faɗi abin da na sani don ki yi hukunci a kan sani.

Asalin bikin na ɗakin bautar Hikawa ne da ke arewacin tsohon garin. Bayan gobarar da ta cinye garin a 1638, sarkin yankin Matsudaira Nobutsuna ya sake tsara shi, kuma a 1648 ya ba wa ɗakin bautar kyautar kayan biki, ciki har da mikoshi, ya ƙarfafa a riƙa yin zagaye. Mikoshi ɗan ƙaramin ɗakin bauta ne da ake ɗauka a kafaɗa, kuma a aƙidarsu abin bautar yana shiga cikinsa ne a zagaya da shi gari. Amalanken da aka gayyaci ɗanki ya ja kuwa dashi ake kiransa, kuma a asali rakiya yake yi wa wancan zagayen: kowace unguwa takan fito da nata ta bi baya. Kawagoe gari ne na fatake, kuma ta kogin Shingashi suke kai kaya Edo, wato Tokyo ta yanzu, a jiragen ruwa, su dawo da duk abin da ake yayi a can. Haka suka kwaikwayo salon manyan bukukuwan Edo. Daga baya Tokyo ta rasa yawancin nata amalankan, saboda wayoyin jirgin titi sun hana su wucewa, girgizar ƙasa da yaƙi kuma suka cinye saura, sai ya zama wanda yake son ganin yadda bikin Edo yake a da, Kawagoe zai zo.

Ana yin sa ne Asabar da Lahadi na uku a watan Oktoba. Amalankan guda 29 ne, ba duka suke fitowa kowace shekara ba, amma a 2022 sun fito gaba ɗaya domin cikar garin shekara ɗari da zama birni, bayan annobar korona ta hana a yi a 2020 da 2021. Kowane ɗaya ya kai kimanin mita takwas in an ɗaga shi, katako ne da aka sassaƙa aka lulluɓe da yadi mai aikin zare, a ƙololuwarsa akwai mutum-mutumin wani jarumi ko sarki na tarihi ko na almara, kuma benen na sama yana nutsewa ciki in an zo wurin da ba tsawo. A gaba akwai dandamali inda makaɗa biyar suke zama, mai babbar ganga ɗaya, masu ƙanana biyu, mai sarewa da mai kuge, tare da mai rawa sanye da fuskar dila ko ta zaki ko ta wawa.

Abin da ya fi jan mutane shi ne hikkawase, bayan duhu ya shiga. In amalanken unguwa biyu ko uku suka yi kiciɓis a mararraba, sai a juya saman kowanne, domin yana juyawa a kan gindinsa, su fuskanci juna, makaɗa su kaure da kiɗa kowa na son ya rinjayi na gabansa, samari a ƙasa suna ɗaga fitilun takarda suna sowa. Ba alƙali, ba kyauta, in an gama kowa ya ja nasa ya wuce. Na tsaya a titin tsoffin shagunan nan masu baƙin bango mai kauri, waɗanda aka gina bayan gobarar 1893, ina kallon wani tsoho da ya haura saba'in yana busa sarewa, wani yaro da bai wuce goma sha biyu ba yana gefensa yana kaɗa ƙaramar ganga idonsa na kan yatsun tsohon. An gaya mini duk shekara suke koyo, dare biyu ko uku a mako, a ɗakin taron unguwa. Gwamnatin Japan ta sa bikin cikin muhimman al'adun gado na ƙasa a 2005, hukumar UNESCO kuma ta sa shi a 2016 cikin jerin bukukuwan amalanke 33 na Japan. A zama ɗaya aka sa shi da bikin kamun kifi na Argungu, a Addis Ababa, abin da ya sa nake jin kamar akwai zumunci tsakanin garinmu Argungu da Kawagoe.

In kika tambayi yawancin masu jan igiyar, za su ce miki ba addini ya fito da su ba, unguwarsu ce, kakanninsu sun ja su ma suna ja. Gaskiya suka faɗa a bakinsu. Amma ni ba zan ce miki ruwan biki bai haɗu da na bauta ba, domin tushen a bayyane yake. Akwai gidan tarihin bikin a tsohon gari, inda ake ajiye amalanke biyu na gaske duk shekara, ki kai yaron ku gani da idonku kafin ku yanke shawara.

Mazaunin Yokohama ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malama, na yaba da tambayarki, domin da yawa daga cikinmu ba sa tsayawa su yi ta. Na yarda da duk abin da Alhaji na Saitama ya faɗa a kan ƙungiya. Haƙƙin maƙwabci bai tsaya a kan Musulmi kaɗai ba, aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da na nesa, aya ta 8 ta Suratul Mumtahana kuma ba ta hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. Ki share, ki biya, ki gaisa, ki duba marar lafiya.

Amma game da igiya, ra'ayina shi ne kada yaron ya taɓa ta, kuma bayanin ɗan'uwana Bakabe shi ne hujjata. Shi da kansa ya ce amalanken rakiyar abin bauta yake yi. Ƙari a kan haka, a bukukuwan da na gani a nan yankinmu, kafin a fito da amalanke ko mikoshi sai limamin Shinto ya zo ya kaɗa sandarsa mai fararen takardu a kansa da kan masu ja, a sunkuyar da kai, a zuba giyar shinkafa, manya su kurɓa. Yaro ɗan shekara 7 da ke tsaye a sahu, in kowa ya sunkuya shi ma zai sunkuya, ba zai iya tantance ina wasa ya ƙare ina bauta ta fara ba. Cewa masu yi ba su ɗauke shi addini ba bai canza abin da aikin yake ba. Mu da muka zo da girmanmu muna da abin da muka taso a kai, yaranmu kuwa a nan suke tasowa, sa'o'in da suke yi a makaranta sun ninka waɗanda suke yi a gabanmu, kuma masallaci ba a bakin ƙofa yake ba. Abin da aka sassauta a bana shi ne zai zama hujjar yaro a baɗi.

Ni ba malamin fatawa ba ne, uba ne mai 'ya'ya uku. Ina ba da shawara maigida ya kai maganar gaban limami bayan sallar Juma'a, ko a masallacin Otsuka da ke kusa da hanyarsa ta Ikebukuro, ko a babban masallacin Tokyo da ke Yoyogi-Uehara, domin limaman nan sun sha jin irin wannan tambaya daga Musulmin Japan kansu, waɗanda iyayensu da 'yan'uwansu ne masu bikin.

Uwargida a Fuchu ta rubuta:

Ƙanwata sannu, Allah ya raya mana yaran. Ni 'yar Maraɗi ce, shekarata tara a Fuchu, a yammacin Tokyo. Mu ma muna da namu babban biki, Kurayami, na ɗakin bautar Okunitama, daga 30 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayu, inda a daren 5 ga wata ake fito da mikoshi takwas, manyan ganguna suna gaba, irin waɗanda mutane suke tsayuwa a kansu ana ja. Na sha tsayawa a inda kike tsaye yanzu, don haka bari in gaya miki abin da ya yi mini aiki, ban da hukuncin halal da haram wanda na bar wa malamai.

Ki yi magana da wuri, kuma ki yi ta a fili. Kuskuren da 'yan'uwanmu suke yi shi ne su karɓi ambulan su yi shiru, su riƙa ɓuya in sun hango mai karɓa. Wannan shi ne yake ɓata zama, ba ƙin bayarwa ba. Jimla ɗaya ta ishe ki, shukyo-jo no riyu de, ma'ana saboda dalilin addini, ki haɗa da ba da haƙuri da ɗan rusunawa. Ban taɓa ganin Bajapanen da ya ja magana bayan wannan ba. Sai dai kada ki tsaya a kan a'a. Ki biyo ta da tambayar wane aiki ne za ki iya yi. Biki yana da ɗawainiya mai yawa wadda ba ta kusanci ɗakin bauta ko kaɗan: tsintar shara washegari, tsaron wurin ajiye kekuna, dafa shayin sha'ir mai sanyi ga yara, naɗe labule. Kuma suna cikin tsananin buƙatar hannu. Kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen ƙasar nan sun kai shekara 65 ko sun wuce, haihuwa ta yi ƙasa da 800,000 a shekara tun 2022, har bikin Somin na haikalin Kokuseki da ke lardin Iwate, wanda ake cewa ya fi shekara dubu, an rufe shi a Fabrairun 2024 don masu riƙe da shi sun tsufa ba magada. Dattawan da suka zo ƙofarki ba tarko suka kawo miki ba. Yaro suka gani a unguwar da yara suka yi ƙaranci, suka yi murna, kuma gayyatar da suka yi masa ita ce mafi girman karramawar da suke da ita. Ki riƙe wannan a ranki in za ki ba su amsa, zai fito a muryarki.

Shi kuma yaron, in kun hana shi wannan, ku buɗe masa wata ƙofa, domin ba abin da ya fi ciwo ga ɗan shekara 7 kamar ya zama shi kaɗai aka bari a gida. Shekarar unguwa cike take da abubuwan da ba ruwansu da bauta. A hutun bazara akwai motsa jiki na rediyo da ƙarfe 6:30 na safe a filin wasa, ana buga wa kowane yaro hatimi a kati, akwai ranar wasanni ta makaranta, akwai daka shinkafar mochi a ƙarshen shekara, wanda in kika ga turmin da taɓaryar sai kin tuna gida. Nawa yaran ba su taɓa fashin ko ɗaya ba, kuma hakan ya sa rashin ganinsu a sahun mikoshi bai zama abin magana ba. Rawar Bon ta watan Agusta kuwa ki san asalinta tarbar ruhin magabata ne a addinin Buddha, ko da yake a filin unguwa an fi ɗaukarta shan iskar dare.

In za ku fita kallo, ki kula da rumfunan abinci. Taliyar yakisoba kusan kullum da naman alade ake soya ta, miyar da ake shafa wa gasassun abubuwa kuma sau da yawa akwai mirin a ciki, wanda giyar girki ce. Gasasshen dankali da ƙanƙarar da ake gogawa a zuba mata zaƙi su ne muka fi saya. Ki ciyar da su su ƙoshi kafin ku fita, ki rubuta lambar wayarki ki sa a aljihun kowane yaro, domin cunkoson Kawagoe da dare ba na wasa ba ne.

Baƙuwar Kawagoe ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya bar zumunci. Na karanta wa maigida amsoshinku a daren jiya, kuma yau Lahadi muka bi gidaje biyar ɗin da tawul, muka ba da haƙurin jinkiri. Daga nan muka wuce gidan shugaban rukuninmu. Ya ɗauko mana takardar lissafin bara ba tare da wata damuwa ba, muka duba tare, babu kason ɗakin bauta a kuɗin wata, don haka muka cike takarda muka biya na wata shida. Na mayar masa da ambulan ɗin bikin da hannu biyu na faɗi jimlar da Yaya ta Fuchu ta koya mini, muryata tana rawa. Ya yi shiru kaɗan, ya gyaɗa kai, ya ce ya gane, sannan ya tambaya ko akwai abin da yaranmu ba sa ci don ya gaya wa matan da ke raba alewa. Da na ce ina son aiki, sai ya kira matarsa ta rubuta sunana cikin masu tsintar shara na safiyar Litinin bayan biki.

Zancen igiya mun ce su ba mu zuwa mako mai zuwa, maigida zai tsaya masallacin Otsuka ranar Juma'a. Yaron ya yi kuka da muka gaya masa ba mu yanke ba tukuna, na yi masa alkawarin gidan tarihin ranar Asabar. Makon farko na Oktoba ne ragar shara za ta zo hannuna, kuma tsohuwar gidan gaba ta ce za ta fito tare da ni ranar farko ta nuna mini yadda ake naɗe ta da inda ake ajiye tsintsiya.